Na Je Katsina Neman Aibin Gidan Ƙanwata

Tun da na dawo daga Katsina ba ku bar ni na sha ruwa ba. A bakin famfo tambaya, a wurin niƙa tambaya, har a gidan gaisuwa sai wata ta matso kusa da ni ta ce, "Zuwaira, ya kika ga gidan Balki?" Ni kuma in ce lafiya lau, in kau da kai. To, yau zan faɗa muku gaba ɗaya don in huta, kuma don ku ma akwai rabonku a cikin zancen. Amma ku sani tun yanzu, ba zumunci ne ya kai ni ba. Neman aibu na je.

Saboda waɗanda ba 'yan unguwarmu ba, bari in fara da gida. Muna zaune a gidajen da gwamnati ta gina wa mutanen da ruwan Gulbi ya cinye wa matsuguni, nan bayan Madarumfa. Gidaje ne na siminti, a jere, duk iri ɗaya. A tsakiyar kowane layi aka ja kanibo, wato magudanar ruwa, aka rufe shi da faifayen siminti. Lokacin da muka tare, har daga Safo ake zuwa kallo. Yanzu amalanken jakuna sun farfasa rabin murfin, daga sauran kuma wasu sun ɗiba sun kai cikin gida suna wanki a kai. Kowa ya share ɗakinsa sai ya tura sharar cikin ramin, ruwa ya kai wa na ƙasa da shi. In ka yi magana a ce maka kayan gwamnati ne. Muna da kwamiti, amma ba ya zama sai an ji baƙi za su zo.

A cikin wannan ramin mahaifiyata ta faɗa bara da kaka, tana hanyar zuwa barka gidan da ke kallon namu. Idon Inna ya yi rauni, ba ta ga inda murfin ya ƙare ba. Ta yi targaɗe, ta daɗe a kwance. Tun daga nan na hana ta fita sai da ni, ni kuwa wuni nake a tasha ina suyar kifi. Saboda haka Inna ta koma zaman tabarma a bakin ɗaki daga safe har yamma.

Da labari ya kai Katsina sai ƙanwata Balki, wadda ke aure a can, ta kira ni. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Yaya, ki ba ni Inna kahin damina. Nan wurinmu ba rami." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ce 'yar fari, kuma saboda alkunya Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke wannan" take ce mini tun ina yarinya. Balki kuwa auta ce, sunanta ba ya fita daga bakin Inna. Ni ke wanka, ni ke wanki, ni ke dama fura, amma in waya ta yi ƙara sai ka ga fuskar tsohuwa ta washe. Yanzu kuma autar za ta zo ta ɗauke ta gaba ɗaya, wai don layinsu ya fi namu. Na ce wa Balki sai na zo na gani da idona. A zuciyata kuwa na riga na gama: zan samo ƙazantar da ta fi tamu, in dawo in baza wa Inna, magana ta mutu.

Na sayi bandar kifi mai kyau daga masunta, manya-manya, na jera a kwano na ɗaure da zane. Da gangan na zaɓi kifi, don Balki ta tuna akwai abin da birninsu ba shi da shi. Na bar Inna a hannun matar ƙanen mijina, na shiga motar Ɗan Issa da hantsi. Kusa da ni wata 'yar Katsina ce mai fataucin atamfa, ta rungume ƙunshin kayanta tana toshe hanci.

"Baiwar Allah, kihin ga naki zai shige mani kaya," in ji ta.

Na ce, "To ai sai ki ƙara masu kuɗi, Hajiya. Atamfa mai ƙamshin miya ba ko'ina ake samu ba."

Motar ta ɗauki dariya, ita ma ta yi. Kafin mu kai Ɗan Issa ta ba ni goro, ta kuma gaya mini inda zan sauka a Katsina da yadda zan yi da masu keke mai ƙafa uku don kada su gane baƙuwa ce.

A Ɗan Issa na canji kuɗi. Na miƙa 'yan sefa kaɗan aka cika mini hannu da naira, na ji kamar na zama attajira, har sai da na sayi ruwan sha. A kan iyaka aka duba kardantena, wato katin shaida, wani jami'in duwan, wato kwastan, ya kwance zanen kwano ya leƙa, ya tambaya ko na sayarwa ne. Na ce tsaraba ce ta ƙanwata. Ya ɗaure mini da kansa ya ce, "Ƙanwar ga taki ta more yaya." Na ce a raina, ai ba yaya kaɗai ta more ba. A ɗaya ɓangaren ma ba a wahalar da ni ba. Hausarsu irin tamu ce, sai dai in mu mun jefa Faransanci su Turanci suke jefawa.

A Magama muka sake mota, kuma a nan tsautsayi ya same ni. Ina can ina gaisawa da wata 'yar garinmu da na gani, mai lodi ya sa kwanona a bayan mota ya ɗora buhun albasa a kai. Ban sani ba sai da muka sauka. Daga Jibiya zuwa Katsina kuwa ba wanda ya yi hira. Kowa ya san halin hanyar, direba ya kashe rediyo, mai atamfa ta ciro carbi, muka yi ta wuce shingen jami'ai ɗaya bayan ɗaya. Da muka hango gari sai aka fara tari da gyaran murya, hira ta dawo. Na kwance zane a tasha na ga kifina ya zama gari, kai daban, jela daban.

Unguwar su Balki tana bayan gari, rukunin gidajen gwamnati ne irin waɗanda suke kira lokos. Da mai keke ya tsaya na ɗaga kai, sai na ji sanyi a raina. Gidajen sun tsufa, fenti ya koɗe, bango duk faci, kuma sun fi namu ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Na ce alhamdu lillahi, tafiya ta yi riba tun daga ƙofa.

Murnar ba ta daɗe ba. A bakin unguwar akwai wani dattijo a kan benci, ya gaishe ni ya tambayi gidan wa na zo. Na zaci mai gadi ne, ashe mazaunin wurin ne, magidanta ke karɓa-karɓar zaman. Ya nuna mini layin. Na shiga ina kallon ƙasa, don abin da ya kawo ni ke nan. Su kwata suke ce wa kanibo. Kwatar ta bi gefen layi tun daga sama har ƙasa, a rufe ruf, babu faifai ko ɗaya da ya ɓata. Wasu sun yi baƙi don tsufa, wasu farare sababbi, alamar in ɗaya ya fashe ana maye shi. Na rage tafiya na buɗe hanci sosai ina shaƙa. Ƙamshin suyar albasa kawai na ji daga wani gida.

Balki ta fito da gudu ta rungume ni. Ta yi ƙiba, ta yi haske. Na miƙa mata kwanon ina jin kunya, ta buɗe ta ce, "Kin rage mani aiki, Yaya, dama ɓarewa zan yi." Ta zuba garin kifin a miyar kuɓewa, miyar ta yi daɗi, yara suka suɗe kwano. Ko wannan ma ya ba ni haushi, don na so a ce an ga kifin yadda na saye shi.

Na zauna ina tara aibu ɗaya-ɗaya. Burodinsu zaƙi gare shi da laushi, ba kamar namu dogo mai ƙarfi da ake ci da miya ba. Furarsu ruwa-ruwa ce, sukari ya fi nono yawa. Famfo ba kullum yake kawo ruwa ba, sai an kira masu tura ruwa a kura. Da magariba aka ɗauke wuta, na gyara zama na ce, "Ashe ku ma haka kuke hama da wutar kuran." Mijinta Malam Lawal, malamin makaranta ne mai son tsokana, ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai taku ma daga nan take tahiya. In mun yi duhu ku ma kuna ciki." Na ce a miƙo mini mafici.

A ɗakin yara aka yi mini shimfiɗa. Kafin nan Balki ta ja hannuna ta buɗe wani ɗan ɗaki kusa da nata. An share shi, an sa katifa sabuwa, ga buta, ga darduma, ga taga tana kallon layi. Ta ce na Inna ne. Ba ta ma jira na amince ba. Na ce ɗakin ya yi zafi, na fita.

Da safe, bayan Malam Lawal ya tafi aiki, Balki tana wanka, na ce yanzu ne lokaci. Abin da aka rufe ai ba a san cikinsa ba. Na ɗauki tsintsiya da wani guntun ƙarfe, na fita ƙofar gida, na ɗaga faifan kwata ɗaya. Ba komai a ciki sai 'yan ganyen dalbejiya da ɗan yashi. Na ɗaga na biyu, haka. Haushi ya sa na kwashe ganyen duka, na kankare yashin, na tara su tsibi a bakin ƙofa inda kowa zai gani, don in Balki ta fito in ce ga abin da na ciro.

Ina cikin haka sai na lura layin ya yi tsit. Matan da ke shara sun tsaya suna kallona. Abin da ya ɗaure mini kai, kowace ba a ƙofar da ta fito take shara ba, a ta kusa da ita take. Daga gidan da ke sama da na Balki wata mata doguwa ta fito riƙe da tsintsiya da bokiti. Ta dubi tsibin ganyen, ta dube ni, ta dubi matan layi. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Sannu da aiki," da wata irin murya, ta juya ta shige gida ta rufe ƙofa.

Balki ta fito da ɗaurin ƙirji, ta ga abin da na yi, ta dafe kai.

"Yaya, mi kinka yi haka? Kin ci mutuncin Hajiya Talatu gaban mutane."

Na ce, "Daga shara? Ƙohwar ƙanwata na share, ba tata ba."

"Ai ƙohwar ga tata ce. Nan ba wanda ka share tashi."

Ta ja ni ciki ta yi mini bayani. A layinsu kowane gida ba kwatar ƙofarsa yake kula da ita ba, ta maƙwabcin da ke ƙasa da shi yake kula da ita. Hajiya Talatu ke share ta Balki, Balki ke share ta gidan da ke bin nata, haka har ƙarshen layi, na ƙarshe kuma ya hau sama ya share ta gidan farko. In faifai ya tsage ko ƙwan fitilar ƙofarka ya mutu, na sama da kai ne zai gani ya kai magana wurin magidanta, su kuma suna da abin zuba faifai a ajiye a bayan masallaci. Don haka duk wanda ya fito ya share ƙofar kansa, kamar ya yi shela ne cewa maƙwabcinsa ya kasa. Ni kuma ban tsaya ga shara ba, har tsibi na tara.

Na ce wannan wace irin wahala ce, mutum ya bar ƙofarsa ya je ta wani. Balki ta ce, "Yaya, in na zuba shara cikin kwata, ina ruwa zai kai ta?" Na ce ƙasa. Ta ce, "To ƙasan wa ka sharewa?" Ashe ita ce da kanta. Na tuna yadda muke yi da Ta-Salla, maƙwabciyata ta ƙasa, wadda muka daina gaisawa saboda ruwan wankin kifina da ke taruwa a ƙofarta. Na sha gaya mata ba ni na ce ruwa ya gangara ba.

Dole na sa mayafi muka je ba da haƙuri. Hajiya Talatu ta karɓe mu a tsakar gida, da farko a ɗaure, amma da ta ji daga Nijar na zo sai ta saki. Ta ce ita abin da ya ƙona mata rai, jiya da yamma ta duba kwatar, ganyen na iskar asuba ne. Ta ba ni labarin yadda abin ya faro. Wata damina ruwa ya shiga gidajen ƙasa, aka yi rigima har maƙwabta suka daina zuwa sunan juna, sai dattawan layi suka zauna suka fito da wannan tsari. Ta ce har yanzu ana faɗa, ba wai sun zama waliyyai ba ne. "Akwai wadda munka yi wata da watanni ba mu magana," in ji ta, "amma kullum sahe tana ƙohwata da tsintsiya. Wata rana dai dole a ce ina kwana."

Ina sauraro ina jin kishi yana cina. Da a ce gidajensu sababbi ne, ko masu kuɗi ne, da na ce Allah ne ya ba su, in huta. Amma malaman makaranta ne da masu ɗinki da 'yan fansho, gidajensu sun girmi namu, simintinmu ma ya fi nasu kyau. Ba abin da suke da shi wanda ba mu da shi.

Muna shirin tashi sai wata tsohuwa ta fito daga ɗaki tana laluben bango. Surukar Hajiya Talatu ce, suna ce mata Iya. Ta girmi Inna, kuma idonta ya fi na Inna lalacewa, duk ya yi fari. Ta ce ta ji muryar mutanen Maraɗi, ta tambaye ni ko har yanzu ana kama manyan kifaye a tabkinmu na Madarumfa, don ta taɓa zuwa ziyara tana amarya. Muka yi hira. Da na miƙe sai ta ɗauki sandarta ta ce za ta raka ni. Na dubi Hajiya Talatu ina jiran ta hana, ko ta kama mata hannu. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana tsince shinkafa.

Iya ta fita gabana. Ta hau kan faifayen kwata tana bin su da sanda, tana tafiya tana gaida mutane da sunayensu tun kafin su yi magana, don ta san ƙofar da take. A ƙofar Balki ta tsaya ta yi mini addu'a, ta ce ita za ta wuce gidan mai jego a ƙarshen layi, an haihu shekaranjiya. Na tsaya ina kallon bayanta har ta shige, ita kaɗai. Sai na ji hawaye, na shiga gida da sauri kada Balki ta gani. Ban ƙara neman aibin komai ba har na bar garin.

A hanyar dawowa ban yi hira da kowa ba, ko a inda ake hira. Ina ta shirya abin da zan gaya wa Inna. Na sauka Madarumfa da la'asar, kuma tun daga bakin layinmu wari ya tare ni, warin da hancina ya daina ji tuntuni. Na tsallake ramin ƙofar Ta-Salla, na tsallake namu. Inna tana zaune a tabarma bakin ɗaki, fuskarta tana kallon ƙofar gida.

Bayan gaisuwa na fara zuba. Na ce ɗakunansu ƙanana ne, burodi kamar alewa, fura ruwa, wuta ba ta zama, ruwa sai an saya. Duk gaskiya ne, ban ƙara ko ɗaya ba. Inna ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "Ke wannan, bar zancen burodi. Mutum kamar ni, shina iya hita shi tahi barka shi kaɗai?"

Da na ce a'a, da ta yarda. Ba ta taɓa zuwa ba, kuma ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba. Na dubi ƙafarta da ta yi targaɗe, na dubi tabarmar da zamanta ya lotsa.

Na ce, "Shina iyawa, Inna."

Ta ja carbinta kaɗan, sannan ta ce, "To ki wanke mani zannuwana."

Malam Lawal ya zo ya tafi da ita kafin ruwan farko. Ku da kuka gan ni kwanan nan da shebur a ƙofar Ta-Salla kuna cewa Zuwaira ta taɓu, yanzu kun ji dalili. Ita ma Ta-Salla ba ta ce mini komai ba tukuna, leƙowa kawai take. Ƙofata kuwa na bar ta yadda take, ina jiran na sama da ni. Kuma kada wadda ta zaci kishin ya wuce, yana nan, ina kwana da shi ina tashi da shi.

Jiya da hantsi na kira Balki na ce ta ba ni Inna mu gaisa. Ta ce, "Yaya, Inna ta hita. Sun tahi suna ita da Iya." Na ce wa ya raka su. Ta ce ba kowa. Na ce to, in ta dawo a ce na kira. Na kashe wayar, na zauna a bakin ɗakin Inna har lokacin tafiya tasha ya wuce.